Haddar rajista ko duba takarda: amsa ga mai koyon yaren na'ura

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a nan Kano. An koya mana furosesar 8085 a makaranta, sha'awa kuma ta ja ni na fara rubuta wa tsofaffin na'urori kod, wato Commodore 64 da Famicom, a manhajar kwaikwayo. Wani yayana a harkar ya ce min duk wanda sai ya buɗe takarda kafin ya tuna adireshin rajista, bai iya ba. Na kwana biyu ina hadda, ta ƙi zama. In dage, ko dogaro da takarda ba laifi ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ƙanena. Ka ajiye wannan haddar. Ba rashinta ne ke hana ka ci gaba ba, kuma ko ta zauna ba ita za ta mai da kai gwani ba. Amma kada ka ɗauka cewa na yi ka bar kanka fayau, komai sai an buɗe takarda. Akwai abin da dole ya zauna a ka, sai dai ba lambobin ba ne. Halin rajista ake riƙewa, kuma a kansa zan daɗe.

Bari mu fara raba abu biyu da ake kira da suna ɗaya, wato rajista, ɗan gurbin ajiye lamba a cikin aisi. Akwai rajistocin da ke cikin furosesa kanta, akwai kuma na sauran aisi-aisi, na hoto da na sauti da na madannai, waɗanda furosesa ke yi wa magana ta wani adireshi. Na farkon ba su taka kara sun karya ba. 6502, wadda kamfanin MOS ya fitar a 1975, kuma jininta ne a cikin na'urorin nan naka biyu, rajista shida gare ta: A da X da Y, da mai nuna tari, da mai nuna umarni na gaba, da ta tutoci. 8085 tana da A, B, C, D, E, H, L, da masu nunin nan biyu, da tutoci biyar. Waɗannan kam babu maganar takarda. Wanda bai san cewa a 6502 umarnin LDA yana taɓa tutar sifili da ta alama, STA kuwa ba ya taɓa ko ɗaya, ba zai iya bin layi goma na kod ɗinsa ba. Haka lissafin heks, ƙirgar nan mai tushe sha shida da ake sa wa alamar $ a gaba. In an ce $20 ka ga bit na biyar ya kunnu (daga sifili ake fara ƙirga su), in an ce $7F ka ga duk a kunne ban da na ƙarshe, ba tare da ka ɗauki biro ba. Wannan shi ne baƙi da wasalin sana'ar, ba a tsallake shi.

Na biyun ne ke wahalar da kai. Aisin hoto na Commodore 64, VIC-II, yana da rajista 47. Na sauti, SID, 29. CIA, aisin madannai da taima, guda biyu ne, kowanne 16. Ka ga 108 ke nan, kuma da yawansu kowane bit da nasa aikin daban. A ce ma ka haddace su kaf, me ka samu?

Dubi direban Adaidaita Sahu. Baƙo zai iya ɗaukar taswira ya haddace sunayen titunan Kano, Titin Zariya da Titin Katsina da Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa, ya zubo su ba gargada. Amma ka ce ya kai ka Sabon Gari da yamma kana sauri, sai ya faɗa da kai cunkoson 'Yan Kura. Direban da ya shekara goma a hanya wataƙila bai san sunan da aka rubuta wa wani layin a takarda ba, amma ya san wanda ba a shigarsa ta nan, ya san inda ruwa ke kwanciya da damina, ya san lokacin da wajen Kantin Kwari ke cushewa. Adireshin rajista sunan titi ne, takarda za ta ba ka shi cikin daƙiƙa biyar. Halinta kuwa, in ba ka san akwai shi ba, ba za ka ma san ana neman sa ba balle ka buɗe shafin.

Ga misali daga na'urar da ke gabanka. $D020 ita ce launin gefen allo, wadda masu rubutu da yaren BASIC suka fi sani da 53280. Tana daga cikin masu sauƙin kai, amma ko ita tana da nata. Bit huɗu kawai take amfani da su, sauran huɗun kullum 1 suke dawowa in an karanta. Shi ya sa in ka kunna na'urar ka leƙa ta za ka ga 254, alhali launin lamba 14 ne. Wanda ya rubuta 14 ya zo yana kwatantawa da 14 zai yi ta jira har gari ya waye. Rajistocin SID daga $D400 zuwa $D418 kuwa rubutu kawai ake yi musu, abin da ka karanto daga gare su ba abin da ka zuba ba ne. Don haka in kana son canza bit ɗaya a cikinsu, sai ka ajiye kwafi a memori, ka gyara kwafin, sannan ka aika.

Wadda na fi son nuna wa masu koyo ita ce $D012. Adireshi ɗaya ne, fuska biyu. In ka karanta, tana gaya maka layin da ake zanawa a allo yanzu. In ka rubuta, kana gaya mata layin da kake son ta katse furosesa idan an iso shi. Na'urar PAL, wato mai bin tsarin talabijin irin namu, tana da layi 312, bit takwas kuma ba sa ɗaukar abin da ya wuce 255, sai aka ɗauki bit na tara aka ajiye shi a saman wata rajista, $D011, wato a bit ɗinta na bakwai. Shi ma fuska biyu gare shi. To ka ga tarkon: ka karanto $D011 don ka gyara wani bit daban, ka mayar. In an yi rashin sa'a lokacin da ka karanta zanen ya wuce layi na 255, ka kwaso 1 daga fuskar karatu ka zuba a fuskar rubutu, layin katsewarka ya yi tsalle da 256 ba ka sani ba. Kod ɗin zai yi aiki sau tara, ya ƙi a na goma. Babu haddar lambar da za ta cece ka daga wannan. Mai cetonka shi ne ka san tun farko cewa wannan rajistar ba a mayar mata da abin da aka karanto sai an tace.

Haka maganar sallamar katsewa, wato yadda za ka nuna wa aisin da ya katse furosesa cewa ka ji shi. A na'ura ɗaya, VIC-II yana son ka rubuta 1 a $D019 kafin ya yarda ka ji shi, CIA kuwa karanta $DC0D kawai yake so, karatun ne ke goge tutocin. Maƙwabta biyu a kan allo ɗaya, kowa da yadda ake gaishe shi.

Famicom, wadda Nintendo ta fitar a Japan a 1983, ta fi ma tsanani, duk da rajistocin hotonta takwas ne kacal, $2000 zuwa $2007. Yaro ma zai haddace takwas kafin la'asar. Amma $2002 ba a yi mata kallon banza: karanta ta yana goge tutar da ke nuna an shiga hutun zane, wato ɗan lokacin da ke tsakanin gama zana hoto ɗaya da fara na gaba, yana kuma mai da wani ɓoyayyen makunni farko. $2006 sau biyu ake rubuta mata, babban bayit sannan ƙarami, kuma makunnin nan ɗaya take rabawa da $2005, in ka bar ɗaya a rabi ɗayar ta rikice. $2007 kuwa in ka karanta hoto ta cikinta, karatun farko tsohon abu yake kawo maka, sai na biyu ne gaskiya. Lambobi takwas, amma mutum zai yi wata yana sabawa da su.

Akwai wasu 'yan lambobi da nake ganin sun cancanci zama a ka, kuma ba adireshi ba ne, na lokaci ne. A Famicom ta asali hutun zane layi 20 ne, wajen bugun agogo 2,270. Tura bayanan 'yan hotuna masu motsi ta $4014 yana cinye 513 ko 514 a ciki. Abin da ya rage, in kana kashe bugu takwas a kan kowane bayit, bai wuce bayit ɗari biyu da 'yan kai ba. A Commodore 64 ta PAL kowane layi bugu 63 ne, kuma duk layi na takwas aisin hoto yana ƙwace wajen 40. Da waɗannan ake tsara aiki tun kafin a rubuta layin farko, kamar yadda magini ke sanin faɗin fili kafin ya ce ɗaki nawa zai fitar. Mai riƙe da su a ka zai gane tun yana zaune cewa dabararsa ba za ta shiga ba.

Ni hadda ce ma ta taɓa jawo min asara. Na yi shekaru ina aiki da aisin sarrafawa da ake kira PIC, ina haɗa allunan sarrafa inbata da na cajin batir. A PIC, rajistar da ke faɗa wa ƙafar aisi ko shiga ce ko fita sunanta TRIS, kuma 1 na nufin shiga. Abin ya zauna min daram har ba na tunaninsa. Ranar da wani aiki ya kai ni ga AVR, irin aisin da ke kan Arduino, na ga DDR, na gane aikinta ɗaya da TRIS, sai ban buɗe shafin ba. A AVR kuwa 1 fita ce. Ƙafar da ya kamata ta tsaya tana saurare sai ta koma tura wuta, ta yi karo da abin da ke zuwa mata, aisin ya ɗau zafi, ƙafar ta mutu, na koma kasuwa na sayo wani. A wannan aikin dai na sake ɓata kwana biyu a kan tutar taima, domin a PIC da 8051 sifili ake rubutawa a goge ta, a AVR kuwa 1 ake rubutawa. Da ban san komai ba da na karanta. Sanin da na ɗauko daga wani gida shi ya hana ni ƙwanƙwasa ƙofa.

Na san dalilin da ya sa maganar yayan naka ta shige ka. Mu mutane ne da muka tashi muna ganin girman hadda. Mun ga alarammomi da gwanaye da suka rubuta Alƙur'ani da ka, kuma a idonmu babu darajar ilimi da ta kai wannan. Amma abin da ake haddacewa a can magana ce tsararriya, wadda ba ta sauyawa daga kaka zuwa jika. Takardar aisi kuwa aikin injiniyoyi ce. Ana sake buga ta, ana biyo ta da takardar gyaran kurakurai, gobe kuma wani kamfani ya juya ma'anar bit ɗin. Dubi lambar C9: a 8085 da Z80 tana nufin dawo daga ƙaramin aiki, a 6502 tana nufin kwatanta. C3 a 8085 tsalle ne, a 8086 ita ce dawowa. LDA ɗin da na ce yana taɓa tutoci a 6502, a 8085 ba ya taɓa ko ɗaya. Ba a kyauta wa hadda ba in an ɗora ta a kan abin da ba shi da tabbas.

Yayan naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Mutanen farko sun riƙe lambobi da yawa a ka. Steve Wozniak da hannu ya rubuta BASIC ɗin Apple na farko a takarda, shi ya juya umarnin zuwa lambobi da kansa saboda ba shi da asembula, manhajar da ke yin wannan juyin. Kai ma in ka taɓa shigar da kod a akwatin gwaji na 8085 ta madannan heks, ka san yadda lambobin umarni irin 3E da 76 ke zuwa yatsa da kansu. Amma ba zama suka yi suka haddace ba, maimaici ne ya dasa. Makaniki yana kallon kan noti ya ce wa yaronsa miƙo sha biyu, ba don ya taɓa karanta jadawalin sufana ba, don ya kwance dubu ne. Ni a kan kwamfutocin DOS na koyi hannu, kuma har yau ina riƙe da B800, inda rubutun allo yake zaune, da tashar 60 ta madannai, da cewa sai an aika 20 zuwa tashar 20 a ƙarshen katsewa, in ba haka ba madannan su amsa sau ɗaya su yi shiru. Ban taɓa ware rana don su ba. Waɗanda nake taɓawa sau biyu a shekara kuwa, irin na saita tashar siriyal, kullum da takarda a buɗe nake saita su, kuma ban taɓa jin kunya ba. Kamfanonin da kansu suna buga ƙaramin kati na aljihu mai jadawalin umarni, domin sun san ƙwararru ma suna dubawa. Abin da yayanka ya gani a hannun gwanaye sakamakon aiki ne, shi kuma ya ɗauka ta nan ake farawa.

Sai dai ita ma takardar kada ka ba ta amanar da ta fi ƙarfinta. 6502 tana da lambobin umarni 151 da kamfani ya bayyana cikin 256. Sauran 105 ɗin ba a ce komai a kansu ba, alhali wasu suna aiki mai amfani, wasu kuma suna daskarar da furosesa. Tana kuma da wani sanannen aibi: in ka ce JMP ($30FF), rabin adireshin daga $30FF take ɗauka, ɗaya rabin kuma daga $3000 maimakon $3100. Sai a 65C02 aka gyara. Dabarar buɗe gefen allon Commodore 64 ta hanyar sauya tsakanin jeri 25 da 24 a daidai lokacin da ya dace, masu wasa da na'urar ne suka gano ta da gwaji. Ita kuwa Nintendo, masu lasisi kawai ta ba bayanan Famicom, kusan duk abin da kake karantawa a kanta yau masu sha'awa ne suka tattara da awo da gwaji shekara da shekaru. Har ta kai wasu sun fasa 6502 sun ɗauki hoton cikinta, suka fito da kwaikwayonta taransista bayan taransista a 2010. Ka kuma tuna cewa na'urorin gem masu kaset ɗin nan da muka saya a kasuwanninmu muna yara, yawancinsu kwafin Famicom ne ba ta asali ba, kuma da yawansu hoto 50 suke zanawa a daƙiƙa don su dace da talabijin ɗinmu, ta Japan kuwa 60. In takarda ta ce kaza, na'ura ta yi kaza, na'urar ce mai gaskiya. Manhajar kwaikwayo ma wani lokacin tana yafe kuskuren da ƙarfen gaske ba ya yafewa, don haka ka gwada kod ɗinka a fiye da guda ɗaya.

Ga yadda zan so ka yi. Ka buɗe fayil guda ka raɗa wa kowace rajista suna, ka ce GEFE daidai yake da $D020, LAYI daidai yake da $D012, ka bar asembula ta riƙe maka lambobin, ai don haka aka yi ta. Bayan wata shida in ka dawo kan kod ɗinka za ka gane abin da ka rubuta. Sannan kafin ka taɓa kowane aisi, ka karanta babinsa daga farko har ƙarshe sau ɗaya, a natse, ba don ka riƙe ba, don dai ranar da wani abu ya rikice zuciyarka ta ce maka na taɓa ganin wannan a wani wuri. A nan ne mafi yawan masu dogaro da takarda suke faɗuwa: suna neman layin da suke so kawai, su tsallake ƙaramin gargaɗin da ke ƙasan jadawali, wanda shi ne ainihin maganar.

Ka kuma sayi littafin rubutu na musamman. Kada ka kwafe takardar kamfani a ciki. Abin da ya cije ka kaɗai za ka rubuta, da kalmominka, da ranar da ya faru: wannan ba a karanta ta, wannan karatu yana goge ta, wannan sai a lokacin hutun zane. Nawa ya tsufa har bangonsa ya cire, kuma ya fi min kowace takarda amfani. Shafukan da kake yawan dubawa kuwa, taswirar memori da jadawalin umarni, ka kai su a buga maka a takarda ka liƙa a bango. Ka san halin wuta da data a garin nan, bai kamata aikinka ya tsaya don caji ya ƙare ba.

Maganar jarrabawa daban ce. In malaminku ya ce ku zo da kalmar saita 8255, aisin shiga da fita mai tashoshi uku, a ka, ka haddace ta ka ci jarrabawarka, babu laifi. Amma ka haddace ta da ma'anar kowane bit, ta yadda in ka manta cewa 80 ce ke mai da tashoshin nan uku duka na fita, za ka iya sake gina ta a gefen takarda.

A wannan makon ka gwada abu ɗaya a Commodore 64, da takarda a buɗe gabanka: ka sa gefen allo ya zama launi biyu, sama daban ƙasa daban, da katsewar layi. Za ka buƙaci $DC0D don ka kashe katsewar CIA, $D01A don ka kunna ta VIC-II, $D012 da $D011 don layin, $0314 da $0315 don nuna inda kod ɗinka yake, $D019 don sallama, da $D020 don launin. In na'urar ta daskare da zarar ka kunna, ka duba ko ka manta rubuta wa $D019. In kuwa ba ta daskare ba amma launin ya ƙi canzawa ko kaɗan, ka duba bit na bakwai na $D011: in ka nemi layi na 100 alhali yana kunne, layi na 356 kake jira, na'urar kuma a 311 take juyawa. Ka rubuto min abin da ka gani. Allah ya ba da sa'a.